Modul, taransimita ko ƙaramin allo: wanne ya dace da tanderunka?

A cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa kan haura digiri 40 tun kafin azahar, wani Alhaji mai gidan burodi ya aiko yaronsa ya kira ni. Yana da tanderu biyu masu aiki da gas a rumfa guda, ga kuma gangar suyar gyaɗa can ƙarshen fili, tazarar mita 40 ko fiye. Abin da ya dame shi aikin dare ne. Ma'aikata kan fara gashi bayan ƙarfe ɗaya, shi yana barci, da safe sai ya tarar wani burodin ya yi baƙi, wani bai nuna ba, kowa kuma ya rantse wuta daidai take. Mutum uku ya tambaya kafin ni, kowa ya ba shi tasa shawarar. Na farko ya ce a sayi otomat, wato PLC, ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa inji, a haɗa masa modul na musamman mai karɓar sandar awon zafi kai tsaye. Na biyu ya ce a ɗora wa kowace sanda taransimita, ɗan na'urar da ke aunawa a bakin sanda ta turo sakamako ta waya. Na uku, wani saurayi, ya ce duk ɓarnar kuɗi ce, ƙaramin allon lantarki irin na Arduino ya isa.

"Malam, ni ba boko na yi ba," in ji Alhaji. "Lamba nake so in gani da safe in san abin da ya faru da daddare, kuma lambar ta zama gaskiya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, buƙata biyu ke nan ka faɗa, kuma ba abu ɗaya ke biya su ba."

Amsar da na ba shi a tsaye cikin hayaƙi ita ce nake so in shimfiɗa a nan, domin masu tanderu da masu matsar mai da masu ɗakin sanyi daga Marwa har Njamena suna fuskantar wannan zaɓin, kuma yawanci abin da mai sayarwa ke nuna musu ba shi ne abin dubawa ba.

Sandar da ake cusawa cikin tanderu, wadda a takarda ake kira tamokupul, ba ta san digiri ba. Wayoyi biyu ne na ƙarafa daban-daban aka narka bakinsu wuri guda. Idan wannan bakin ya fi ɗaya ƙarshen zafi, sai ɗan ƙarfin lantarki ya bayyana tsakanin wayoyin. Wani Bajamushe, Thomas Seebeck, ya gano haka a 1821, kuma har yau a kansa ake tafiya. Nau'in K, wanda ya fi yawa a hannunmu, waya ɗaya nikel ce da kuromiyom, ɗayar nikel da alminiyom, kuma abin da yake bayarwa kusan mikrovolt 41 ne kawai a kowane digiri, mikrovolt kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na volt. Ko a digiri 1000 milivolt 41.276 kawai yake fitarwa, wanda bai kai kashi 3 cikin 100 na batirin tocila ba. Da wannan ɗan abin ake son sanin ko burodi zai ƙone.

Kafin ya zama lamba sai an yi aiki uku. A auna ɗan lantarkin. A gyara lissafi da zafin wurin da wayoyin sanda suka ƙare. Sannan a duba jadawali, irin na ƙa'idar IEC 60584, domin lantarkin ba ya hawa daidai wa daida da zafi, yana ɗan karkacewa. Shawarwarin nan uku duk waɗannan ayyukan suke yi. Inda suka bambanta shi ne a wane wuri ake yin su, kuma wa ya ɗauki nauyinsu: masana'anta ko kai.

Aiki na biyun shi ne wanda ya fi cin mutane a ƙasarmu, don haka bari in daɗe a kansa. Sanda bambancin zafi take aunawa tsakanin bakinta da ƙarshenta. A ce tanderu yana digiri 250, maɗaurin waya a cikin akwatin lantarki kuma yana digiri 40, kamar yadda yakan kasance a bazara. Jadawalin K ya ce 250 milivolt 10.153 ne, 40 kuma milivolt 1.612. Abin da zai iso maɗauri shi ne ragowar, milivolt 8.541. Wanda ya kai wannan ga jadawali yadda yake, digiri 210 zai karanta. Shi ya sa kowace na'urar kirki take da wani ɗan ma'aunin zafi ɓoye kusa da maɗaurin, wurin da ake kira mahaɗar sanyi. Ita za ta ji 40, ta mayar da shi milivolt 1.612, ta tara da 8.541, sannan ta koma jadawali ta fito da 250. A lura, a milivolt ake tarawa, ba a digiri ba. Kuma duk kuskuren da ɗan ma'aunin nan ya yi, kai tsaye yake shiga lambar tanderu. Idan fanka tana hura maɗaurin ta gefe guda, ko taransifoma tana gasa shi daga ƙasa, ko rana ta bugi murfin akwatin da la'asar, lambar za ta motsa alhali wuta ba ta motsa ba.

Na taɓa ganin wannan ido da ido a wani gidan burodi da ba zan ambata ba. Wayar sanda ta gaza, sai mai gyara ya ƙarasa da wayar tagulla irin ta wutar gida, ya murɗe su ya naɗe da salatif a jikin bangon tanderu. Na ɗora hannu a wurin, da ƙyar na iya barinsa, zai yi digiri 60. To daga ranar mahaɗar sanyi ta tashi daga akwati ta koma kan wannan murɗin. Na'ura tana gyara da 40 nata, gaskiya kuwa 60 ce, sai ta riƙa nuna 230 a lokacin da tanderu yake 250. Da aka ce mata ta kai 250, sai ta hura wuta har kusan 270. Wata guda ana zargin fulawa da yis da masu kwaɓi. Tsawon tagullar bai kai mita 3 ba.

Modul na musamman, kamar SM 1231 TC na Siemens da ake jerawa a gefen otomat ɗinsu S7-1200, ko 1769-IT6 na Allen-Bradley, yana yin ayyukan uku duka a cikin akwatin lantarki. Na Siemens yana zuwa da ƙofa 4 ko 8, wato wuraren ɗaura sanda, na Allen-Bradley da 6. Kai dai ka ɗaura waya, ka gaya masa nau'in sanda a cikin manhaja, shi kuma ya ajiye maka lamba a gurbinta. Ga yadda lambar take: cikakkiyar lamba ce mai bit 16, ba ta da ɗigo, kuma kowane ɗaya a cikinta kashi ɗaya cikin goma ne na digiri. Idan ka leƙa gurbi kamar IW96 ka ga 2500, digiri 250.0 ke nan. Idan ka ga 1873, digiri 187.3 ne. Ba sai ka yi wani lissafin sikeli ba, raba da goma kawai. Wannan sauƙin shi ne babban abin da kake saya, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda zai zo gyara bayan shekara biyu bai san wanda ya rubuta shirin ba.

Na Allen-Bradley yana ba ka zaɓin siga, kuma sunayen sigogin kan rikita sabon shiga. Wadda aka yi wa alamar x1 ita ce mai ba da 2500, mai alamar x10 kuma 250 take bayarwa, digiri cikakke ba gutsure. Akwai wata ta masu sarrafa wuta da PID, lissafin da ke ƙara wuta ko rage ta da kansa, mai tafiya daga 0 zuwa 16383, akwai ta kashi cikin ɗari. Wanda ya gaji inji na hannu daga waje ya fara duba wannan kafin ya taɓa komai. Ya kuma duba ko a Faranhait aka bar shi, domin injin da ya fito daga Amurka zai nuna 4820 a inda muke jiran 2500, kuma duka biyun gaskiya suka faɗa.

Modul yana da rariyar tace hayaniyar wuta. Wutar Kamaru da ta Chadi duka hez 50 ce, wato igiyarta zagaye 50 take yi a daƙiƙa, zagaye ɗaya yana cin kashi 20 cikin 1000 na daƙiƙa. Idan ka zaɓi tacewar hez 50, modul zai tara awo na tsawon wannan lokacin daidai, hawan igiyar da saukarta su cinye juna, a bar tsantsar siginar sanda. Amma da yawanmu rabin aikinmu a kan janareta ne, janareta kuwa in kaya ya yi mata nauyi ba ta tsayawa cak a 50. Don haka ni a tanderu tacewar hez 10 nake zaɓa. Tana tara awo ninki biyar na wancan lokacin, lambar takan yi jinkirin sabuntuwa, sai dai tanderun bulo ba ya sauya zafi cikin daƙiƙa guda, babu abin da aka rasa.

Inda modul ke da nauyi shi ne waya. Tunda mahaɗar sanyi tana cikin akwati, dole wayar da ta taso daga sanda har maɗauri ta zama ta nau'in sandar, ko wayar ramuwa da aka yi dominta. Mita 5 ba komai ba ne. Mita 40 kuwa kuɗi ne, kuma ba a kowane shago ake samunta ba, sau da yawa sai an aika Duwala ko an tsallaka Najeriya. Ga kuma ɗan siginar nan mai rauni zai yi doguwar tafiya kusa da wayoyin injin kwaɓi da na'urar rage gudun mota, duk yana kwasar hayaniya. Sannan akwai ruɗanin launi. A tsarin Turai wayar K koriya ce da fara, farar ita ce mara, wato mai alamar ragi (−). A tsarin Amurka rawaya ce da ja, kuma jar ita ce mara, saɓanin abin da hannun mai lantarki ya saba. Kasuwarmu kuwa kaya daga ko'ina suke shigo mata. Ni maganaɗisu nake yawo da shi a aljihu, ɗan ƙarami da na ciro daga tsohuwar sifika. A nau'in K ƙafar mara takan ɗan manne masa, ɗayar ba ta kula shi. A nau'in J ƙafar mai alamar tarawa (+) baƙin ƙarfe ce, cafke ta yake yi da ƙarfi. Da wannan nake rarrabe sandar da rubutun jikinta ya goge. Kuma rarrabewar dole ce: sandar K a modul da aka gaya wa J, a tanderu mai digiri 250 da akwati mai 40, kusan 197 za ta nuna. Lamba ce mai kama da gaskiya, babu fitilar da za ta kunna.

Sai batun zafin akwatin kansa. Takardar S7-1200 ta yarda da digiri 60 idan an kwantar da layin da ake jera otomat da modul a kai, 50 idan an tsayar da shi. Akwatin ƙarfe a rufe, ƙarƙashin kwano, kusa da tanderu, a Marwa ko Kusiri cikin watan Afrilu, ba shi da nisa da waɗannan lambobin. Wanda ya zaɓi modul ya zaɓi wa akwati bango mai inuwa tun kafin ya sayi komai, ya kuma sa masa matatar iska da za a riƙa kaɗewa a lokacin hunturu, domin ƙurar nan tana toshe ta cikin 'yan makonni.

Taransimita ta ɗauki ayyukan nan uku ta kai su bakin sanda. Wani ɗan dunƙule ne kamar gwangwanin tumatir ƙarami, yana zama a cikin kan sandar. A nan take aunawa, a nan take gyaran mahaɗar sanyi, a nan take duba jadawali, sannan ta turo sakamako a matsayin kwararar lantarki tsakanin miliamfiya 4 da 20. Daga nan wayar tagulla mai igiya biyu ta isa, ko mita 100 ce, kuma kwarara ba ta jin hayaniya yadda mikrovolt ke ji. A ɓangaren otomat kuma modul na gama-gari ya wadatar, wanda gobe za ka iya ɗaura masa ma'aunin matsin gas ko na cikar tanki.

Kuɗin wannan 'yancin shi ne lissafi ya dawo wuyanka. A ce an saita taransimita daga digiri 0 zuwa 400. Digiri 250 zai zo a miliamfiya 14, otomat na Siemens kuma zai rubuta 17280, domin shi sikelinsa daga 0 zuwa 27648 yake. Wannan 17280 ba ta ce maka komai sai ka san 400 ɗin nan. Ranar da taransimita ta mutu aka kawo wata da aka saita 0 zuwa 600, komai zai tashi lafiya lau, allo ya nuna lamba, lambar kuma ƙarya ce: 250 na gaskiya zai bayyana kusan 167. Don haka nake rubuta iyakar saiti da alƙalamin maka a cikin murfin kan sanda, in sake rubutawa a ƙofar akwati. Abu na biyu, an juya siginar sau biyu, daga milivolt zuwa kwarara, daga kwarara zuwa lamba, kowane juyi da ɗan kuskurensa. A gashin burodi wannan ba abin damuwa ba ne. Na uku, ita ma tana da iyakar zafi, yawancinsu digiri 85. Kan sanda da ya manne da bangon gangar suya zai wuce haka, sai a nemi sanda mai dogon wuya, ko a sa taransimitar a ɗan akwati mita ɗaya ko biyu daga wuta. Kuma kowace sanda da tata taransimitar, ga wutar volt 24 da za a ciyar da su. In sandunanka shida ne a ɗaki guda, modul mai ƙofa 8 ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Ƙaramin allo kuwa ba na raina shi. Ɗan yayata da ke karatu a Ngaundare ya haɗa guda da hutu, kuma ya yi aiki. Amma a san abin da ake saya. Guntun MAX6675 mai karanta wa allon sanda, wanda ya cika kasuwa, na nau'in K ne kawai, yana da bit 12, yana tafiya rubu'in digiri rubu'in digiri daga 0 zuwa kusan 1024, ba ya sauka ƙasa da sifili. Ƙanensa MAX31855 yana da bit 14, yana karanta ƙasa da sifili, yana kuma faɗa idan waya ta tsinke ko ta taɓa ƙasa. Sai dai dukansu ba sa duba jadawali, ɗauka suke yi lantarki miƙe yake hawa. MAX31855 yana raba abin da ya auna da mikrovolt 41.276 ya tara zafin jikinsa. Gwada da misalinmu: 8.541 zai ba da kusan 207, a tara 40, a samu 247. Digiri 3 ƙasa da gaskiya, tun kafin a zo ga kuskuren sanda. Ana iya gyarawa a cikin shiri, ko a nemi MAX31856 wanda yake yin jadawalin da kansa, yake kuma da tacewar hez 50. Wata matsalar, yawancin sandunan da ake sayarwa bakinsu a manne yake da kubensu na ƙarfe, MAX31855 kuwa da ya ji haka sai ya ce waya ta taɓa ƙasa ya ƙi karatu. Ga shi babu katanga tsakanin sanda da allon, duk abin da ya bi ta jikin tanderu, ko tartsatsin kunna gas ko girgizar wuta lokacin da aka koma janareta, cikin ƙwaƙwalwar yake faɗawa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In kallo kawai kake so, ka san zafin ɗakin ajiyar fulawa ko na rumbun albasa, allon nan alheri ne. In shi zai buɗe bawul ɗin gas da ƙarfe biyun dare ba kowa a kansa, ban yarda ba, kuma ba zan sa hannuna a wannan aikin ba.

Mai sayarwa zai yi ta faɗa maka yawan bit. Kada ya ɗauke maka hankali. A zafin tanderun burodi, sandar K ta aji na biyu ƙa'ida ta yarje mata kuskuren digiri 2.5 sama ko ƙasa, ta aji na farko 1.5. Modul na Siemens da kansa ya rubuta cewa mahaɗar sanyinsa na iya kaucewa da digiri 1.5. To lamba mai nuna 250.3 tana da amfani wajen ganin ko zafi hawa yake ko sauka, amma ɗigo ukun nan ba shaida ba ne. Wanda aikinsa ƙasa da digiri 200 yake kuma yana son daidaito sosai, kamar mai dafa madara ko mai ɗakin sanyi, ya bar tamokupul gaba ɗaya ya nemi PT100, wata irin sandar awon zafi dabam, wadda ba ta da mahaɗar sanyi ko kaɗan. Masu babbar wuta irin ta siminti da ake yi a Figil, inda ake gasa dutse a kusan digiri 1450, su kuma maganar sandunan filatinom suke yi, wannan wata duniyar ce.

Yanzu ɗaya buƙatar Alhaji, ta sanin abin da ya faru da daddare. Mutane da yawa sun ɗauka modul yana ajiye awo. Ba ya ajiyewa. Gurbinsa kamar allon makarantar allo ne, da an rubuta sabo an wanke tsoho. Otomat yana kwafe abin da ya tarar a kowane zagayen shirinsa, shi ma ya rubuta a kan na baya. In ba ka umarce shi ya adana ba, da safe lambar safe kawai za ka gani. A S7-1200 akwai umarnin buɗe littafin awo da na rubuta layi a cikinsa, fayil ɗin yana fita a sigar CSV da Excel ke buɗewa, ana sauke shi ta shafin intanet na cikin otomat ɗin da waya ko kwamfuta. Kai ke faɗin yawan layuka, in sun cika sai ya koma ya taka mafi tsufa. Rubutu kowane minti layi 1440 ne a rana, kowace daƙiƙa 10 kuma 8640. Ga tanderu minti ɗaya ya isa, ya kuma fi tausaya wa ma'adana, domin irin wannan ma'adanar tana gajiya da yawan rubutu. In ana son kati, nasa na musamman yake karɓa, ba katin waya na kasuwa ba, a sa wannan a lissafi tun farko tare da kuɗin manhajar TIA Portal da ake rubuta wa otomat shiri da ita.

Littafi ba shi da amfani in agogo ya ɓata. Agogon S7-1200 kapasita ce ke riƙe shi in an ɗauke wuta, kusan kwana 20, kuma takarda ta ce a zafin digiri 40 abin da aka tabbatar kwana 12 ne. Gidan burodi ba zai kwana 12 a kashe ba. Amma mai aikin kaka, mai gyaɗa ko mai sarrafa 'ya'yan auduga da ke rufewa watanni, zai dawo ya tarar kwanan wata ya ɓace, sai ya sa allon batir ko ya saba saita agogo ranar buɗewa. Haka lambar zafin da aka zaɓa wa tanderu, sai an yi mata alamar a riƙe ta, in ba haka ba duk ɗauke wuta za ta koma ta asali. Ƙaramin allo shi ba shi da agogo ma sai an ƙara masa, kuma in wuta ta yanke yana tsakiyar rubutu a kati, fayil ɗin na iya lalacewa gaba ɗaya.

Abubuwa biyu kan ɓata lamba a hanyarta ta fita. Kwamfutocinmu yawanci da Faransanci aka saita su, Excel ɗinsu waƙafi yake ɗauka a matsayin ɗigon lamba, yana kuma jiran waƙafi mai ɗigo a tsakanin ginshiƙai, sai fayil ya buɗe a cunkushe cikin ginshiƙi guda. Don haka nake adana cikakkiyar lambar, 2500, in bar rabawa da goma ga mai karatu. Na biyu ya shafi masu ɗakin sanyi da ke jawo awo ta Modbus, yaren da na'urori ke musayar lamba da shi. Digiri 18 ƙasa da sifili a gurbi 180 ne mai alamar ragi. Manhajar da ba a gaya wa lambar na iya zama ta ragi ba za ta nuna 65356, mai kifi ya ɗauka na'ura ta haukace.

Sai ranar da waya ta tsinke, kuma za ta tsinke, ko ɓera ko ƙofar tanderu. Modul na Siemens, in an kunna masa binciken tsinkewa, zai rubuta 32767. Shirin da ke raba da goma a makance zai ga digiri 3276.7, ya kashe wuta, wanda a tanderu shi ne abin so, amma dole a hana wannan lambar shiga lissafin matsakaici. Na Allen-Bradley yana tambayarka: in ta tsinke in haye sama, in faɗi ƙasa, in tsaya a lambar ƙarshe, ko in ba da sifili? Ga duk abin da ke hura wuta, sama. Taransimita mai bin ƙa'idar NAMUR NE43 takan sauka ƙasa da miliamfiya 3.6 ko ta haye 21, nan ma sama za ka zaɓa. Abin da babu ɗayansu da ke ganewa shi ne wayoyin biyu su haɗu a tsakiyar hanya bayan rigarsu ta narke. Nan sabon baki ya samu, na'ura za ta karanta zafin wurin, 50 ko 60, ta ɗauka tanderu ya huce ta yi ta hura wuta. Maganinsa biyu, kuma ba na barin ko ɗaya: a shiri a rubuta cewa in wuta ta yi mintuna tana ci zafi bai hau ba a kashe a buga ƙararrawa, sannan a sa wani maɓallin zafi dabam, mai tasa sandar, wanda zai yanke gas ba tare da ya nemi izinin otomat ba.

Da Alhaji tanderu ɗaya gare shi kuma ba ya neman littafi, da na ce ya sayi ɗan ma'aunin nan mai fuska murabba'i da ake hudawa a ƙofar akwati, ya huta. Tunda ba haka ba ne, ga abin da muka yi. Tanderu biyun suna mita 6 daga bango mai inuwa, sai muka ba su modul mai ƙofa 4, sanda biyu a kowanne, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da koriyar waya a cikin nata bututun ita kaɗai. Gangar gyaɗa muka ba ta taransimita da sanda mai dogon wuya, tagulla ta ɗauko siginar mita 40. Allon ɗan yayata yana ɗakin fulawa yana nasa aikin.

Bayan mako guda na buɗe masa littafin a kan teburinsa. A tanderu na biyu, dare huɗu cikin bakwai, layin ya nuna zafi ya faɗi warwas da misalin ƙarfe ɗaya da rabi, alamar an buɗe ƙofa an zuba kaya, alhali sandar ƙasa ba ta kai 190 ba. Daga baya kuma sai ya yi sama da sauri, an ƙara wuta don a cim ma lokaci. Alhaji ya sa yatsa a kan layin ya daɗe yana kallo.

"Ashe ba su da laifi sosai," in ji shi. "Na biyun nan nawa yake ɗauka kafin ya yi zafi?"

Na ce, "Ya fi na farko da minti 25, Alhaji. Bangonsa ya fi kauri."

Ya kira babban mai gashinsa, ya ce daga yau a riƙa kunna na biyu tun sha biyu da rabi.